Gyauron da Feshi Ba Ya Kashewa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san gyauro. Ruwan farko zai sauka, kafin ka kai ga shuka sai ka tarar dawar bara ko masarar da ta zube wajen girbi ta riga ka fitowa, nan ɗaya can uku, ba layi ba kunya. Ba mu cika ɗaukarsa da zafi ba. Akuya ta ci, ko garma ta binne shi wajen huɗa, shi ke nan. Amma a ƙasashen da noma ya koma na inji da feshi, irin su Kanada da Amurka da Ajantina da Ostareliya, gyauro ya daɗe da zama abin da ake kiran taro a kansa, domin irin da ya zube ɗin tun farko an ƙera shi ne don kada maganin ciyawa ya taɓa shi. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wane irin iri ne wannan, kuma me ya sa magani ba ya kashe shi?

Maganin da ake magana a kai galibi shi ne gilifoset, wanda kamfanin Monsanto ya fito da shi kasuwa a 1974 da sunan Roundup. Shi ne dai sinadarin da ke cikin yawancin magungunan da manomanmu ke fesawa kafin shuka, waɗanda ba sa barin komai kore. Aikinsa shi ne toshe wani sinadari a jikin tsiro mai suna EPSPS, wanda idan babu shi tsiro ba zai iya haɗa wasu abubuwan gina jikinsa ba. Sai ka ga ciyawa ta yi ɗorawa, ta yi laushi, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta bushe.

Masu binciken kamfanin sun samo wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a cikin dagwalon masana'antar da ake haɗa maganin, a jihar Luwiziyana, wadda nata EPSPS ɗin gilifoset ba ya iya toshe shi. Suka ɗauko ƙwayar halittar da ke da alhakin wannan suka dasa a waken suya da kanola da auduga da masara. Daga 1996 aka fara sayar da irin. Manomi zai shuka, ya bari amfani da ciyawa su tashi tare, ya bi da feshi a kan kowa, ciyawa ta mutu amfani ya tsaya. Wani kamfanin ma ya yi irin wannan da wani magani mai suna gulufosinet, ya sa wa irinsa suna LibertyLink. Ga mutumin da ke noma hekta dubu biyu shi da 'ya'yansa biyu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, shi ya sa suka rungume shi hannu bibbiyu.

To ta yaya amfanin gona zai koma ciyawa?

Ciyawa ai ba wata ƙabila ba ce ta daban. Duk tsiron da ya fito inda ba a gayyace shi ba, yana cin taki da ruwan wani, ciyawa ne. Masara a tsakiyar gonar waken suya ciyawa ce.

Kanola ce ta fi kowa nuna wannan. Dangin kabeji ce, mai fure ruwan ɗorawa, ana matse 'ya'yanta a yi man girki, kuma Kanada na noma fiye da hekta miliyan 8 nata a shekara, kusan duka irin da ke jure maganin ciyawa. 'Ya'yan ƙanana ne baƙaƙe, ba su kai ƙwayar gero ba, suna cikin kwanso siriri mai fashewa da kansa idan ya bushe, kamar yadda riɗi ke yi wa wanda ya makara wajen yanka. Iska ta kaɗa, ya fashe. Ƙanƙara ta sauka, ya fashe. Injin girbi ya zo, wani ya zube ta gaba wani ya fita ta baya tare da ƙaiƙayi. Wani bincike da aka yi a gonakin lardin Saskacewan, aka wallafa a 2003, ya auna abin da ke zubewa ya samu kusan kashi 6 cikin 100 na amfanin, wato wajen kilo 107 a kowace hekta, ko ƙwaya 3,000 a murabba'in mita ɗaya. Alhali abin da ake shukawa a hekta bai wuce kilo 4 zuwa 5 ba. Ka ga ke nan kowane girbi manomi ya sake shuka gonarsa ninki ashirin ba tare da ya sani ba.

Badi sai ya sa alkama ko wake a wurin. Ya ɗauko gilifoset don share gona kafin shuka, kamar yadda ya saba. Komai ya mutu, ban da kanolar bara, wadda yanzu ta samu fili ita kaɗai. A ƙidayar ciyayin gona da aka yi a Saskacewan a 2014 da 2015, gyauron kanola ya shiga cikin biyar na farko wajen yawa.

Da gaske ne an samu tsiro ɗaya da ya gagari magani uku?

Da gaske ne. A arewacin lardin Albata, wani manomi ya shuka kanola iri uku a 1997 a gonaki masu maƙwabtaka: mai jure gilifoset, mai jure gulufosinet, da mai jure wani magani na uku daga dangin imidazolinon. Kanola ba ta tsaya kan barbarar kanta kawai ba. Ƙudan zuma da iska suna ɗaukar bununi, wato ƙurar furen, daga wannan tsiro zuwa wancan. A 1998 ya fesa gilifoset a gonar da bai taɓa sa mai jure gilifoset ba, gyauro ya ƙi mutuwa. Masu bincike suka ɗebi 'ya'yan suka gwada, suka samu masu jure magani biyu, har da 'yan kaɗan masu jure ukun duka. An wallafa sakamakon a 2000.

Ba wanda ya haɗa wannan tsiro a ɗakin gwaji. Zuma ce ta yi aikin, kyauta. Kuma abin bai tsaya a gyauro ba, ya shiga har cikin buhun iri. Masu bincike a Jami'ar Manitoba sun gwada rukuni 27 na irin kanola mai takardar shaida, suka tarar 14 sun gauraya da wani iri fiye da ƙa'idar da aka yarda da ita, wato kashi 0.25 cikin 100. Mutum zai sayi iri da kuɗinsa, ya shuka juriyar da bai saya ba.

Shekara nawa irin ke yi a ƙasa kafin ya mutu?

Yawancinsa yana tsirowa ko ya ruɓe cikin shekara biyu zuwa uku. Amma kanola na da wata ɗabi'a: idan aka binne ta cikin duhu a busasshiyar ƙasa, sai ta yi barci. A Suwidin an yi gwajin kanola mai jure gulufosinet a wata gona a 1995, daga nan aka riƙa bin wurin ana kashe duk abin da ya fito shekara bayan shekara. Bayan shekara 10 masu bincike daga Jami'ar Lund suka koma, suka samu tsiro 38, kuma 15 daga cikinsu na ɗauke da ƙwayar halittar nan. Masara da waken suya ba su da wannan haƙurin, nasu yakan ƙare a shekara ta gaba.

Yana fita daga gona ne, ko a ciki yake tsayawa?

Yana fita, kuma mota ce babbar mai raka shi. A 2010 wasu masu bincike daga Jami'ar Akansas suka bi titunan jihar Dakota ta Arewa, inda aka fi noman kanola a Amurka, fiye da kilomita 5,000. Duk bayan kilomita 8 su tsaya, su duba gefen titi. Idan sun ga kanola sai su tsinki ganye su murje shi cikin ruwa, su tsoma wata 'yar takarda mai fitar da layi, irin ta gwajin zazzaɓin cizon sauro a asibiti. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsirran da suka gwada na ɗauke da juriyar gilifoset ko gulufosinet, biyu kuma na ɗauke da duka biyun, haɗin da ba a sayar da shi a kasuwa a lokacin. Sun gan ta a bakin titi, a gidajen mai, a maƙabarta, har a tsagar kwalta. Abin da ya ƙara mata ƙarfi shi ne ma'aikatan hanya da gilifoset suke share gefen titi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙasashen da ba sa nomanta kwata-kwata. Japan ba ta shuka wannan kanola don kasuwa, sayowa take yi ta matse mai. Duk da haka tun 2004 ake samunta tana fure a kewayen tashoshin jiragen ruwa kamar Kashima da Yokkaichi, da kan hanyoyin da manyan motoci ke bi zuwa masana'antar mai. Suwizalan ta hana noman irin wannan iri tun 2005, amma an same ta a kan layin dogo a Lugano da tashar kogin Rayin a Basel. Su ma can a lokacin da gilifoset ake share layin dogo. Doka ta hana shuka, ba ta hana buhu yoyo ba.

Za ta iya barbara da ciyawar daji, ta ba ta juriyar?

Nan ne maganar ta fi nauyi, kuma amsar ta dogara da abu ɗaya: shin amfanin yana da ɗan'uwa na jini a bakin gona? Masara ba ta da kowa a Amurka da Kanada, danginta na daji suna Meziko da Gwatamala. Waken suya danginsa suna gabashin Asiya. Amma kanola tana da wata 'yar'uwa ta kusa da ake kira Brassica rapa, wadda take ciyawa ce a wurare da yawa. A lardin Kebek na Kanada an samu 'ya'yan barbararsu a 2001, kuma masu bincike da suka bi wurin sun ga juriyar ta zauna cikin ciyawar har shekara 6, ko da ba a fesa maganin ba. A Ajantina, inda ba a taɓa ba da izinin noman wannan kanola ba, an tarar da ita da wannan 'yar'uwar tata suna jure gilifoset a gonakin lardin Buwenos Aires. Ta ina ta shiga, har yau hasashe ake yi.

Labarin da ya fi muni dai na wata ciyawar ado ce. Kamfanin Scotts da Monsanto sun ƙera ciyawar da ake shimfiɗawa a filin wasan golf don ta jure gilifoset, suka shuka ta don gwaji kusa da garin Madras a jihar Oregon. Ciyawa ce mai shekaru, tana yaɗo kamar kiri-kiri, 'ya'yanta kamar ƙura, kuma tana da dangi a daji. A 2003 iska mai ƙarfi ta kwashi wadda aka yanka aka shanya ta watsa. Masu binciken hukumar kare muhalli ta Amurka sun sami bununinta ya yi barbara a nisan kilomita 21. A 2007 gwamnati ta ci Scotts tarar dala 500,000. A 2010 aka sake ganinta a gundumar Malheur, can gabashin jihar, ta kafu a bakin magudanan noman rani. Wanda ya san noman rani ya san abin da wannan ke nufi: ciyawa ta toshe hanyar ruwa, ruwan ya kai 'ya'yanta gonar kowa, kuma gilifoset na cikin 'yan magungunan da doka ta yarda a fesa a bakin ruwa. Ba a taɓa sayar da ciyawar nan ko buhu ɗaya ba, amma manoman albasa da gwoza na yankin suna fama da ita.

Wannan ce ciyawar gagara-badau da ake ta faɗa a jaridu?

Ana yawan haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Na farko shi ne wanda muke magana, amfani ya zama gyauro ko ya miƙa juriyarsa ga dangi. Na biyu kuwa ciyawa ce ta asali da ta koyi jure magani da kanta, ba tare da ta karɓi komai daga amfanin ba. Idan ka fesa magani ɗaya sau uku a shekara, shekara goma, cikin miliyoyin ciyayi ba za a rasa ɗaya da Allah ya yi ta daban ba. Ita za ta rage, ta zuba 'ya'ya, su gaji gonar.

An fara ganin haka da gilifoset a Ostareliya a 1996, lokacin ba a ma fara noman wannan iri a can ba. A Amurka wata ciyawa dangin alayyafo, mai tsayi fiye da mutum, ta bayyana da juriya a gonakin auduga na jihar Jojiya wajen 2005, har ta mayar da manoman da ke da injinan miliyoyi ga ɗaukar 'yan ƙwadago da fartanya. Idan asarar kuɗi ake lissafawa, wannan ta biyun ta fi gyauro nesa ba kusa ba. Irin bai haife ta ba, amma shi ya sa aka dogara da magani ɗaya har ta samu hanya.

Zai iya mamaye daji ya kori tsirran asali?

Ga kanola da masara, da wuya. Jure magani ba ya amfanar tsiro a inda ba a fesa maganin. Masu bincike a Ingila sun shuka irin waɗannan a wurare 12 na daji suka bi su shekara 10, kanola da masara da gwozan sukari duk suka ɓace cikin shekara 4. Matsalar ta gona ce, da bakin titi, da layin dogo, da magudanar ruwa.

Masara da waken suya da auduga fa?

Kowanne da nasa salon. A tsakiyar Amurka ana karɓa-karɓa tsakanin masara da waken suya, kuma duka biyun masu jure gilifoset ne. Idan iska ta kayar da masara kafin girbi, goyo guda zai faɗi ƙasa, badi ya tsiro dunƙule, ashirin ko talatin a rami ɗaya, ya yi wa wake inuwa. Dole a sayi wani magani na daban mai kashe dangin hatsi, irin su kiletodim, a ƙara a tanki. Da aka fito da masarar Enlist, wadda ke jure har da kwizalofop, ɗaya daga cikin magungunan nan masu kashe dangin hatsi, zaɓin ya ƙara raguwa.

Wani lokaci kuma cin taki ba shi ne babban laifin gyauro ba, masauki yake ba ƙwari da cuta. A Barazil gyauron waken suya ne ke riƙe cutar tsatsa daga damina zuwa damina, har jihohi irin su Mato Goroso suka kafa doka tun 2006: akwai watanni a shekara da ba a yarda a ga waken suya da rai ko ɗaya a gonarka ba, shukakke ko gyauro, in an gani tara ce. A kudancin Tekzas gyauron auduga a cikin masara shi ke ɓoye wani ƙwaron auduga da aka kashe maƙudan kuɗi ana yaƙa. A Albata gyauron kanola yana ciyar da cutar kumburin saiwa, wadda aka fara gani a kanolar lardin a 2003, ta yadda hutun da aka ba gona ya tashi a banza.

Na ji an ce har alkama, alhali ba a taɓa sayar da irinta ba?

Haka ne. A bazarar 2013 wani manomi a gabashin Oregon ya fesa gilifoset a saurar da ya bari ta huta. Bayan kwanaki ya dawo ya tarar fili ya bushe ƙurmus, sai wasu tsirarun alkama kore shar a warwatse. Ya ɗebo aka kai jami'ar jihar, gwaji ya nuna alkamar Monsanto ce da aka yi gwajinta a jihohi 16 tsakanin 1998 da 2005, aka kuma fasa fitar da ita. Japan da Koriya ta Kudu suka dakatar da sayen wani nau'in alkamar yankin na ɗan lokaci. Ma'aikatar gona ta Amurka ta yi bincike fiye da shekara, ta rufe ba tare da ta gano yadda irin ya kai gonar ba. An sake ganin irin wannan a Montana a 2014, a jihar Washinton a 2016 da 2019, da bakin wata hanya a Albata wanda aka sanar a 2018. Tsirran ba su da yawa. Abin da suka girgiza kasuwa ce.

Idan ya shigo gonata ban gayyace shi ba, wa zai biya?

Shari'u biyu ake kawowa kullum, kuma duka biyun ba su yi wa manomin da irin ya shigar wa gona daɗi ba.

Percy Schmeiser manomin kanola ne a garin Bruno na Saskacewan. A 1997 ya fesa Roundup a gindin turakun lantarki da ramin bakin gonarsa, ya ga kanola ta ƙi mutuwa. Ana yawan ba da labarin kamar nan da nan aka maka shi kotu don iska ta kawo masa iri, amma ba haka kotu ta gani ba. Ya ƙara fesa wani yanki, ya adana 'ya'yan da suka tsira, ya shuka fiye da eka 1,000 a 1998, kuma gwajin da kotu ta karɓa ya nuna kashi 95 zuwa 98 na gonar irin kamfanin ne. A 2004 Kotun Ƙolin Kanada, alƙalai 5 da 4, ta ce ya keta haƙƙin mallakar Monsanto, sai dai ba zai biya diyya ba tunda bai ci wata riba ta musamman daga juriyar ba. Daga baya gyauron ya sake fitowa a gonarsa, ya cire, ya kai wa kamfanin lissafi. A 2008 suka biya shi dalar Kanada 660.

Ta biyun a Kojonup ce, yammacin Ostareliya, tsakanin maƙwabta biyu da suka taso tare. Steve Marsh yana noman da ba takin zamani ba magani, da takardar shaida mai sa kayansa tsada. A 2010 maƙwabcinsa Michael Baxter ya yanka kanolarsa ya bar ta a jere ta bushe, iska ta kwashi damma 245 ta tsallaka da su hanya. Ƙungiyar da ke ba da shaidar ta janye ta daga kusan kashi 70 na gonar Marsh. Ya kai ƙara, ya faɗi a 2014, ya ɗaukaka ya sake faɗuwa. Alƙali ya ce Baxter halal ya shuka, ta hanyar da aka saba ya girbe, kuma tsiro 8 kacal suka fito a shekara ta gaba. A wurinmu idan shanun wani suka shiga gonarka akwai mai unguwa, akwai ƙiyasin ɓarna, akwai biya. Iri da iska ta kawo kuwa har yanzu doka a yawancin ƙasashe ba ta san wuyan wanda za ta kama ba, sai nauyin ya zauna kan wanda aka shigar wa.

Yaya manoman can suke shawo kansa?

Ba abin da ya gagara ba ne, ƙarin kuɗi ne da ƙarin lura. Suna daidaita injin girbi da rage gudu don zuba ta ragu, kuma yanzu akwai irin kanola mai kwanson da ba ya saurin fashewa. Bayan girbi ba sa yin huɗa mai zurfi, suna barin 'ya'yan a sarari tsuntsu da ƙwaro su ci, sauran su tsiro sanyi ya kashe su. Binnewa ita ke sa su barcin shekaru. Suna rubuta wane iri aka sa a wace gona a wace shekara, don mantuwa a nan tana nufin fesa maganin da ba zai yi aiki ba. Sai kuma gauraya gilifoset da tsofaffin magunguna irin su 2,4-D da MCPA, a fesa tun gyauron bai wuce ganye huɗu ba. Abin dariya a nan, an tallata irin ne da cewa zai raba manomi da waɗannan tsofaffin magunguna.

Ashe ke nan laifin sauya ƙwayar halitta ne?

Ba shi kaɗai ba. Cikin juriya ukun nan na Albata, ɗaya ba ta hanyar dashen ƙwayar halitta aka same ta ba, ta hanyar tace iri ce. Shinkafar Clearfield ma haka take, kuma cikin 'yan shekaru da fitowarta a jihohin kudancin ƙasar Amurka ta miƙa juriyarta ga jar shinkafa, ciyawar da aka fito da ita don a kashe. A ganina duk mai son fahimtar wannan lamari ya rage kallon yadda aka ƙera irin, ya dubi abu uku: yana zubar da 'ya'ya, 'ya'yan suna daɗewa a ƙasa, yana da dangi a kusa. Kanada ma a kan sabuwar ɗabi'ar tsiro take kafa dokarta, ko ta wace hanya aka samo ta. Masu cewa ba komai da masu cewa duniya ta tashi, dukansu ba su cika son wannan bayanin ba.

Mu fa, a Najeriya da Nijar da Gana, ya shafe mu?

Ba ma noman kanola, kuma iri ukun da aka fi sani an saki ga manoma a Najeriya ba na jure maganin ciyawa ba ne. Audugar Bt ta 2018, waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar a 2019, da masarar TELA ta 2024, na yaƙi da tsutsa ne, masarar kuma har da jure fari. Waken Songotra-T na Gana ma haka. Amma ƙofa ba a rufe take ba. Hukumar NBMA mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta a Najeriya, wadda aka kafa a 2015, ta ba Monsanto izinin gwajin masara mai jure gilifoset a killataccen fili a 2016, ta kuma amince a 2022 da shigo da alkamar HB4 ta Ajantina don sarrafawa, wadda ke jure gulufosinet. Afirka ta Kudu ta daɗe tana noman masara da waken suya irin wannan. Gilifoset kuwa ya riga ya cika kasuwannin ƙauye.

Masara ba ta ba ni tsoro sosai, ba ta da dangi a nan, fartanya kuma ba ta san wata juriya ba. Inda nake sa ido shi ne dawa da gero da wake, domin nan ne gidansu na asali, danginsu na daji suna bakin gona da fadama. An riga an fitar da dawa mai jure maganin ciyawa a Amurka da Ajantina da Ostareliya, ta hanyar tace iri, kuma kamfanonin da kansu suna gargaɗin kada a shuka ta inda dawar daji ta yi yawa. Mu kuma muna ajiye iri, muna musanya a kasuwa da tiya, gonakinmu kunya ɗaya ce ke raba su, ba mai littafin da ke cewa ga abin da aka shuka a nan bara waccan.

Manomin gero bai buƙatar a yi masa dogon turanci kan barbara tsakanin amfani da ɗan'uwansa na daji, don ya san shibra. Tana tasowa cikin gero sak kamarsa, wajen noman fari ba kowa ke iya bambance su ba, sai ta yi kai ka ga zangarniyar siririya mai gashi, ta riga kowa nuna, ta kakkaɓe 'ya'yanta ƙasa tun ba a fara girbi ba. Ina yaro kakata kan aike mu mu karyo ta a ƙarshen damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a yi kunu da ita kafin sabon gero ya iso. Jinin gero ne da na geron daji suke ta kai da komo a cikinta tun kaka da kakanni, ba wanda ya iya raba su. Duk abin da aka sa wa gero, shibra za ta samu rabonta.